Ranar da Na Allah Ya Kai Baƙonsa Bariki

Duk wanda ya taɓa jan igiyar sa zuwa karar Gidan Amumune ya san Na Allah dillali. Gajere ne kakkaura, hularsa kullum a karkace, ga wata murya da in ya ce "albarka" a gabashin kara sai na yamma sun waiwayo. A ƴan shekarun nan muryar ta yi ƙasa. Abokan sana'arsa suna tsokanarsa wai tsufa ne ya zo, ko kuwa Zara'u matarsa ce ta rage masa tuwo. Ba ko ɗaya. Kunya ce ke cin bawan Allah nan, kuma ga yadda aka yi ta kama shi.

Dillanci a gidansu gado ne, kuma ba ciniki kaɗai ba ne. Bafillacen da ya fito daga daji jajibirin kasuwa ba ya kwana a fili. Yana da gidan da yake sauka, inda zai ɗaure dabbarsa, a ba shi ruwa da tuwo da shimfiɗa a zaure. Mai masaukin nan shi zai sayar masa, shi zai shaida wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce, in kuma rigima ta tashi shi ne bakinsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, uba ne ke bar wa ɗa, a gari da ruga duka. Na Allah ya gaji baƙi da yawa daga mahaifinsa Sulaimanu, amma babu kamar gidan Abdussalamu, wani dattijo dogo siriri mai ƙarancin magana, wanda ya san Na Allah tun yana yawo ba wando. Baffa yake ce masa. Shi kuwa dattijon in yana cikin raha sai ya ce masa "kaɗona", wato Bahaushena.

Akwai gado na biyu, wanda ba a cika son faɗa ba. Na Allah yana tasowa ƙanen mahaifinsa ya yi faɗa a bakin rijiya, ya fasa wa wani kai, ya tsallaka Najeriya. Ba a ma jira masu kaki sun zo ba. Mai garin lokacin ya tara dattawa, suka ce in aka bari hukuma ta zo da ƙafarta ba wanda zai sha: za a birkice rumbuna, a kwashe samari, a cinye kajin gari. Gara a kai mata abin da za ta riƙe. Suka ɗora Sulaimanu a amalanke suka kai shi bariki, ya zauna can har ƙanen ya ji labari ya dawo ya miƙa kansa. Sulaimanu ya komo gida da tari da ƙwarƙwata, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Mutane ma yabon mai gari suka yi ta yi, wai ya san hukuma. Abin da ya zauna a kan Na Allah ke nan, cewa hukuma ba ta komawa hannu wofi, kuma mai hankali shi ne wanda ya tarye ta tun a hanya.

Da wannan ilimi ya girma, kuma gaskiya ya ci moriyarsa. Bai taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba, amma ya iya "wi, shef", wato "to, ranka ya daɗe" na Faransanci, fiye da wanda ya yi aji shida. Ya san lokacin da ake tuɓe takalmi, ya san lokacin da ake dariya in babba ya yi magana ko da ba ta ba da dariya ba. In aka kama akuyar wani a gona, ko aka riƙe moto, wato babur, na ɗan kabu-kabu, sai ka ji an ce a kira Na Allah. Shi kuwa sai ya gyara hula, ya ce, "Ku bar mini su, na san yarensu." Shekarar da aka yi zaɓen raba gardama kan tsarin mulki shi ma ya bi layi, ya jefa ta na'am, ya dangwala yatsa a tawada, ya koma kara yana nuna wa mutane yatsan. Abin da ke cikin kundin kuwa bai tambaya ba. A ganinsa wannan maganar ƴan birni ce da masu rediyo.

To, wata ranar kasuwa a farkon damina, sai ga jandarmomi biyu a kara, suna tambayar waye mai masaukin Abdussalamu. Wani manomi mai suna Mai Nasara ne ya kai ƙara: an kwance masa san da yake noma da shi, kuma wani ya ce ya hango Hishamu, babban ɗan Abdussalamu, yana kora sa mai kama da shi. Hishamu kuwa tuni ya yi arewa da garke, kamar yadda yake yi duk shekara in shuka ta tashi. Na Allah ya faɗa musu haka. Babban cikinsu ya ce ba laifi, in yaron ya dawo ko an samu hanyar aika masa, a ce masa ana son ya zo bariki ya amsa tambaya. Suka sha ruwan da aka ba su, suka hau motonsu suka tafi.

Iyakar abin da suka faɗa ke nan, wallahi ba ƙari. Amma Na Allah mai sanin yare ba zai ji magana yadda aka faɗe ta ba, sai ya leƙa ƙarƙashinta. Taushin muryar nan shi ya fi tayar masa da hankali. Ya ce a ransa wannan sallama ce ta farko, ta biyu da mota za a zo. Za a afka wa rugar, a watsa mata da yara, a kora shanun da suka rage. Daga nan a zo kansa, tunda shi ke tsaya wa gidan shaida, a ce dillalin ɓarayi ne, a hana shi rumfa. Yana son ya gaya wa kansa rugar yake tausaya wa. Akwai wannan, ba a hana shi ba. Amma rumfar ta fi nauyi a zuciyarsa, kuma ya san haka.

Kashegari da safe ya ce wa Zara'u ta naɗe masa tabarma da bargo, ta sa buta da ɗan garin fura.

Ta ce, "Tahiya za ka yi?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Na Baffa ne."

Zara'u ta tsaya da bargon a hannu. Mace ce da ba a yi mata bayani sau biyu. Ta ce, "Malam, sun ce ka kai shi?"

"Ke mi kika sani game da hukuma? Sai sun ce?"

Ta naɗe kayan, ta ɗaure da igiya, ta aje masa a ƙasa maimakon ta miƙa masa a hannu. Ya ga haka, ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗaure ƙunshin a bayan moto, ya sayi esansi, wato fetur, kwalba biyu a bakin tasha, ya kama hanyar ruga.

Ya tarar da Abdussalamu yana duba kofaton wata maraƙa. Aka gaisa, Hawa matar dattijon ta kawo nono a ƙwarya, Na Allah ya sha, bai ko ƙware ba. Sannan ya ce, "Baffa, ka ji masu kaki sun zo kan zancen Hishamu. Ni dai shawarata mu tahi mu gaida shef da kanmu, ya ga huskarka, ya san gidan mutunci ne. Ka san su, in ka je musu kafin su zo maka, magana ta mutu."

Dattijon ya ce, "Yarona bai ɗauki san kowa ba. Amma kai ka san su. In ka ce mu tahi, mu tahi."

Ya shiga bukka ya sa rigarsa ta Juma'a, shuɗiya, ya naɗa rawani, ya ɗauki sandarsa. Da zai hau moto ya ga ƙunshin, ya gyara shi don ya samu wurin zama. Ya ɗauka wani saƙo ne Na Allah zai sauke a hanya. Hawa ta ce a dawo lafiya, ta ƙara da cewa kada a bar shi ya zauna cikin rana, kansa ba ya so. Na Allah ya ce in sha Allah.

Barikin da ke kula da yankin yana da ɗan nisa, hanya kuma yashi ce. Suka isa hantsi ya ɗaga. Shef ɗin, wato babban barikin, sabon zuwa ne, saurayi baƙi mai tabarau, Hausarsa haɗe da Faransanci. Yana zaune a baranda yana shan shayi. Na Allah ya bar Baffa a kan benci ƙarƙashin bishiya, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya matsa ya durƙusa, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, ni ne Na Allah, mai masaukin gidan da kuke neman yaronsu. Na hutar da ku. Ga uban can na kawo."

Shef ya ce, "Ban ji ba. Ɗaga murya."

A nan ne Allah ya fara kama Na Allah, don muryarsa ba ta san tsakatsaki ba. Ya ɗaga, ta fita yadda take fita a kara.

"Na ce ga uban na kawo, ku riƙe shi. Yaron na ji zai hito da kanshi. Har shimhiɗa na taho mishi da ita, ba sai kun wahala ba."

Bencin bai da nisan da za a ce ba a ji ba. Abdussalamu bai motsa ba. Idonsa kawai ya kai kan ƙunshin da ke bayan moto, ya daɗe a can.

Shef ya aje kofin shayi. Ya ce, "Wa ya ce ka kawo shi?"

"Ba wanda ya ce, ranka ya daɗe. Mu mun san yadda ake yi."

"Tsohon nan shi ya kwance san?"

"A'a."

"Ya ɓoye shi? Ya sayar? Wani ya kawo ƙararsa?"

"A'a, shef. Uban yaron ne dai."

Shef ya cire tabarau ya murza ido, irin na wanda ya gaji da jin abu ɗaya. Ya ce, "Bon. Saurara, malam. Konstitisiyon, tsarin mulkin ƙasar nan, bai ba ni ikon rufe mutum don ya haifi wani ba. Ba a tsare kowa sai da dalilin da doka ta faɗa, kuma laifi na wanda ya yi shi ne. Shi kansa yaron ba a ce ɓarawo ba ne, tambaya ce za a yi masa, sai alƙali ya yanke kafin a kira shi mai laifi. In na sa dattijon nan a ɗaki yau, ni zan tsaya gaban alƙali gobe." Ya dubi Na Allah sama da ƙasa. "Kai ɗin mene ne nasa?"

Daga kan benci dattijon ya amsa masa, a natse.

"Mai masaukina ne."

Kada wani ya ce kowane bariki haka yake, ko kowane shef haka zai yi. Mun sha gani, mun sha ji. Akwai inda da an karɓi tsohon da godiya, a karɓe bargon ma. Amma ranar dai, a barandar nan, mai bindiga ne ya tsaya inda doka ta ce ya tsaya, wanda aka ba amana kuwa shi ya zarce. Shef ya taso da kansa ya je wurin benci, ya gaida Abdussalamu, ya sa aka kawo masa ruwa. Ya ce, "Baba, tashi ka tafi gida. Ba wanda zai taɓa ka, ba wanda zai shiga rugarka ba bisa ƙa'ida ba. In ɗanka ya zo, ya zo da ƙafarsa, kuma yana da damar ya zo da wanda zai tsaya masa." Wani ƙaramin jandarma da ke wanke moto ya kasa riƙe dariya, ya ce wa ɗan'uwansa, yadda kowa zai ji, wai yau an kawo musu fursuna da kayan ɗakinsa.

Na Allah ya nemi takalmansa, ya sa na hagu a dama, ya sake. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya ce a rufe.

Babu yadda za a yi, moto ɗaya ne, hanya ɗaya. Dattijon ya hau baya, ya jingina da ƙunshin nan, ya riƙe ƙarfen kujera maimakon kafaɗar Na Allah. Can tsakiyar hanya akwai wani kwari mai yashi inda ko masu kabu-kabu sai sun sauka. Moto ya nutse, ya mutu. Suka sauka. Na Allah ya kama kan moto yana turawa, sai ya ji ya yi sauƙi. Ya waiga, ya ga tsohon ya ɗage hannun rigarsa ta Juma'a, ya sa sanda a hammata, yana tura masa daga baya.

Da suka fita kwarin suka tsaya suna haki. Na Allah ya ce, "Baffa, wallahi don in tsare rugar na yi. Haka aka yi wa babana, kai ma ka sani."

Abdussalamu ya ce, "Na sani. Ni na kai wa Sulaimanu nono can."

Ya karkaɗe yashi daga rigarsa. Sannan ya ce, "Da sun riƙe ni, da ya hi mini sauƙi. Da sai in ce tilas anka yi maka. Yanzu mi zan ce?"

Na Allah bai ƙirƙiro wani uzuri ba. Wannan kaɗai za a iya yaba masa a ranar.

A ruga Hawa ta taryo su tun daga nesa. Ta ga mijinta lafiya, ta ga gumi ya jiƙa Na Allah sharkaf, ta haɗa labarin da kanta. Ta ce ai ta sani, muddin Na Allah na tsaye ba mai riƙe mata tsoho. Dattijon ya ce a ba baƙo ruwa, ya wuce wurin maraƙarsa. Bai gyara mata zance ba a ranar, bai gyara ba daga baya. Hishamu ya samu saƙo, ya sauko, ya je bariki ya amsa abin da aka tambaye shi, aka sallame shi ya koma wurin garke. San Mai Nasara har yau ba a san inda ya yi ba. Labarin da ya zaga rugage kuwa shi ne wai an so a tsare Abdussalamu, mai masaukinsa ya tsaya kai da fata ya fito da shi. Fulanin da ba su taɓa sauka gidan Na Allah ba suka fara tambayar ƙofarsa.

Zara'u ce kaɗai ta san abin da ta naɗe. Da ya dawo da ƙunshin ta kwance, ta mai da bargo wurinsa, ta dama garin furar ta ba yara. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai iya haɗa ido da ita ba har aka kwana biyu.

Wata ranar kasuwa bayan haka, kara ta cika, sai ga Hawa da kanta, ita da ba ta cika shiga wajen maza ba, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Mijinta yana biye da ita a baya. Ta durƙusa gaban rumfar Na Allah, ta buɗe: man shanu ne fari sol, cike har baki. Ta ce, da ƙarfi don dillalai su ji, wannan na Zara'u ne, ba biya ba ne, don ba a biyan abin da ya yi musu. Ta ce Allah ya tsaya masa yadda ya tsaya wa mijinta. Dillalai suka ce amin, wani ya dafa kafaɗarsa ya ce ai Na Allah namiji ne.

Ya karɓa da hannu biyu, don ba yadda zai ƙi. Da Hawa ta juya wajen masu nono, ya ja dattijon bayan rumfa, ƙwaryar na hannunsa.

"Baffa, don girman Allah ka hwaɗa mata. Ko ka bar ni in hwaɗa. Ba ni iya ɗaukar wanga."

Abdussalamu ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, ba kuma rahar da aka saba.

"In ta sani, ba ta sake taka zaurenka, ba ta barin ƴaƴanta su taka. To ina za mu kwana jajibirin kasuwa, Na Allah? Ba mu da wani gida a garin nan."

Ya gyara sandarsa a kafaɗa. Ya ce akwai bijimin da ya kawo, yana ɗaure a turke, a duba masa mai saye kafin rana ta yi. Na Allah ya aje ƙwaryar a inuwa, ya rufe ta da faifai, ya je ya kwance igiyar.